Faifan Bahaguwa

Malam Kabiru mutum ne mai ra'ayi. Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi na bakin kasuwar 'Yandoto ya san haka. Yana da ra'ayi a kan tsadar taki, yana da shi a kan gwamnati, yana kuma da shi a kan renon yara, musamman tun da aka tura shi bitar malaman firamare a Gusau ya dawo da jaka mai tambari. Illa dai ra'ayin nasa yana da ladabi ƙwarai. A zaure ra'ayin yake kwana tare da babur. Cikin gida na mahaifiyarsa ne, Inna Tambaya, kuma can ra'ayi ɗaya ke aiki.

A wurin bitar ne aka gaya musu cewa yaron da Allah ya halitta bahago a bar shi da hagunsa, don abin daga ƙwaƙwalwa yake, ba taurin kai ba ne. Aka ce bahagwai sun ɗan fi yawa cikin maza, amma ratar ba ta taka kara ta karya ba. Nan Malam Kabiru ya ɗaga hannu ya gyara wa mai bitar zance. Ya ce shi ya daɗe yana riƙe da aji biyar, shi ne ma mai duba farcen yara duk ranar Litinin, saboda haka ba a faɗa masa hannun yara. Ba shekarar da yake rasa bahagwai biyu ko uku cikin maza, amma bahaguwa bai taɓa samu a ajinsa ba ko ɗaya. A ƙasarsu dai, abin na maza ne. Aka ɗan tafa masa. Ya zauna yana jin kansa mai bincike.

Bai sa 'yarsa Wasila a lissafi ba. Lokacin ba ta shiga makaranta ba, kuma mutum ba ya tuna 'yarsa a wurin bita.

'Ya'yansa biyu ne da matarsa Rakiya, kuma duk biyun bahagwai ne. Isah, babban, tun da aka fara damben yara bayan girbi ya kwantar da wani ɗan gidan mahauta, sunansa na yanka ya ɓace, gari ya koma kiransa Bahago. Inna Tambaya da kanta ta murza masa igiyar auduga ta ɗaurin hannu. Takan ce hagu a dambe baiwa ce, abokin karawa yana tsaron gabas sai ya ji shi daga yamma. Malam Kabiru, a matsayinsa na malamin makaranta, ba ya goyon bayan dambe. Daga bayan mai rake yake kallo.

Wasila kuwa shekararta takwas, kuma baiwarta a saƙar faifai take. In ta zauna gindin durumin tsakar gida da rinanniyar kaba a gefe, basilla a hagu, harshe a ɗan waje, sai ka ga faifai na buɗewa a cinyarta kamar fure. Matan unguwa har sun fara yi mata maganar na jeren amare. Inna ce ta koya mata, kuma duk da tana ganin hannun da basillar take, takan ce ƙuruciya ce, za ta bari. Abinci dai da dama suke ci su duka biyun, wannan Inna ta gama da shi tun suna rarrafe, kuma ba wanda ya taɓa musu a kai.

Ranar da abin ya juya, baƙo suka yi. Alhaji Umaru ne daga Bungudu, ƙanen marigayi mahaifin Malam Kabiru, dattijon da ko tari ya yi dangi kan tsaya su ji abin da yake nufi. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, aka aiki Wasila ta kawo ruwa. Ta zo da gudu, damarta riƙe da faifan da take saƙawa, ta durƙusa ta miƙa masa kofi da hagu.

Alhaji bai karɓa ba. Bai yi faɗa ba kuma. Kofin kawai ya duba, ya dubi hannun, sannan ya dubi Inna Tambaya.

Ya ce, "Tambaya, ashe gidan yayana ya koma haka."

Ruwan bai sha ba har ya tafi. Amma da Isah ya shigo gaishe shi, aka ce masa ai wannan shi ne Bahagon da ake faɗa, ya kama hagun yaron yana jinjinawa, yana dariya, ya ce kakansu ma haka yake, ba a taɓa kai shi ƙasa ba.

Bayan la'asar Inna ta karɓe basillar Wasila ta soke a jikin rufin ɗakinta. Ta ce daga yau hannun nan na tsarki ne kawai. Shara da dama, daka da dama, rubutu da dama, saƙa in za a yi da dama.

Malam Kabiru ya gyara murya. Ya ce, "Inna, ai na ga Isah ma…"

"Isah namiji na," in ji ta. "Hagunai nashi na, shi kai shi inda ya ga dama. Wagga ɗiya mace ta. Hannunta cikin tukunyar mutane za shi. Ita ka tuƙi, ita ka kwasa, ita ka miƙa ma miji da uwar miji. Wa kaka so shi ci tuwon hagu?"

Ta janye mayafinta ta nuna masa bayan hagunta, inda wani tsohon tabo ya kwanta fari sol, mai faɗin bakin ludayi. Shekara arba'in da wani abu yana ganin tabon nan, bai taɓa tambaya ba.

"Ni ma haka anka yi man. Na mutu?"

Ba ta mutu ba, wannan gaskiya ne. Malam Kabiru ya duba bai ga inda zai kama maganar ba, sai ya ce Allah ya shirya, ya fita duba babur.

Kwanakin da suka biyo baya, muciya ce ta yi yawancin maganar. Da hagun Wasila ya miƙa wajen tsintsiya, sai ƙwal a bayan hannu. Ya miƙa wajen moɗa, ƙwal. Yarinyar ba gardama take yi ba. Hannun ne ke riga ta tafiya, kafin ta tuna ya isa. Sai ta koma in za ta ɗauki abu ta tsaya tana kallon hannuwanta biyu kamar baƙi, tana tunanin wanne ne mai laifin. Damar kuma ba ta san aiki ba. Ta zubar da kunu, ta fasa tulu, ta yanke yatsa wajen yankan kuɓewa. Kowace ɓarna Inna takan ce ka gani, sakacin da aka yi ne tun farko.

An ba ta basilla ta gwada saƙa da dama. Abin da ya fito bai yi kama da faifai ba, ya fi kama da sheƙar tsuntsun da iska ta kaɗo. Wasila ta daɗe tana kallonsa, sannan ta warware shi a hankali, ta mayar da kabar inda take.

Rakiya tana gani. Da Malam Kabiru ya same ta a ɗaki ya ce ita uwa ce, ya kamata ta ɗan sa baki, sai ta ce ita wa, a gaban suruka? Tun ba yau ba ake raɗe-raɗin cewa hagun daga danginsu na Ruwan Bore ya zo, in ta yi magana an ce gadonta take karewa. Ta ce shi da ya fito daga cikin Inna ai shi ya fi kusa. Ya ce ai shi ya sa ba zai iya ba, albarkar uwa ba abin wasa ba ce. Suka rabu kowa ya gamsu cewa aikin na ɗayan ne.

Ya ma yi ƙoƙari, kada a zalunce shi. Wata rana bayan sallar azahar ya tare liman ya tambaye shi. Liman ya ce abin da ya sani shi ne a ci da dama, a sha da dama, a bayar a karɓa da dama. Amma saƙa da rubutu da shara, bai san inda aka hana ba, kuma dukan yaro a kan halittarsa ba kyau. Malam Kabiru ya ji daɗin amsar nan ƙwarai. Ya riƙo ta tun daga masallaci yana maimaitawa, yana gyara mata zama, yana zaɓen kalmar da zai fara da ita. Da ya iso zaure ya jiyo muryar Inna tana faɗa, sai ya ga ai yau ranta a ɓace yake, gara gobe. Ya jingine amsar kusa da babur.

A makaranta, Malama Hafsat mai aji biyu ta same shi a ƙarƙashin bishiya ta ce rubutun Wasila ya lalace, wadda a da ita ake nuna wa sauran. Ta ce kuma yarinyar ta fara in'ina, in an tambaye ta sunanta sai ta maƙale a harafin farko har yara su yi dariya. Malam Kabiru ya yi mata bayani mai kyau. Ya ce ai an gaya musu a bita, irin wannan yakan biyo bayan tilasta wa bahago sauya hannu, ya kawo maganar ƙwaƙwalwa da ɓangarorinta biyu, har yana zanawa a ƙasa da tsinke. Malama Hafsat ta saurara har ya gama.

Ta ce, "To Malam, ɗiyar wa ce?"

Ya ce ana nan ana duba lamarin.

Wata safiyar Asabar yana zaure yana goge babur, sai ga Wasila ta leƙo. Ta waiga baya, sannan ta zaro wani abu daga cikin hijabinta ta ajiye masa a gwiwa. Faifai ne ɗan madaidaici, daidai bakin kwanon tuwonsa. Ja da kore da ruwan ƙwai, zanen yana zagayawa yana haɗuwa ba tare da ka ga inda aka soma ba. Bai taɓa ganin ta yi mai kyansa ba. Tsohon faifan kwanonsa ya tsinke tun bara, ba wanda ya lura sai ita.

"Na-na-naka ne, Baba."

Wani farin ciki ya kama shi, irin na mutumin da matsala ta warware kanta ba tare da ya yi komai ba. Ya ce, "Da dama kika yi wannan?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. Shi kuwa ya ɗauki shirun a matsayin kunya. Ya miƙe da faifan a hannu ya yi cikin gida, tana biye da shi tana jan rigarsa, yana ce mata ta bari mana, ai abin alfahari ne. A ransa yau za a rufe maganar: Inna ta yi nasara, yarinya ta huta, shi kuma bai ɓata wa kowa ba.

"Inna, dubi aikin jikarki. Hannu ya faɗa. Sai a sassauta mata haka nan."

Inna Tambaya ta karɓi faifan. Ba ta dubi zanen ba. Ta kifa shi, ta ɗora babban yatsa a cibiyarsa, ta bi zagayen a hankali zuwa waje. Duk macen da ta taɓa riƙe basilla ta san abin da take dubawa. Saƙar dama gefe guda take zagayawa, ɗinkinta ya kwanta gefe guda. Ta hagu kuwa baibai take tafiya. Rakiya da ke bakin murhu ta hango tun daga nesa, ta sauke kai. A duk gidan, mutum ɗaya ne bai san faifai yana da gaba da baya ba, shi ne kuma mai jaka mai tambari.

"Ina kinka samu basilla?"

A bayan rumbu aka gano wurin. Ƙusa ce Wasila ta wasa a dutse har ta yi tsini, da guntayen kaba da ta tsinto a ɓoye cikin wani fasasshen tulu.

Inna ba ta ɗauki muciya ba ranar. Ta ce duka ya gaza, tunda har an iya ɓoyo. Ta ƙwala wa Isah kira ta ce ya kawo igiyarsa ya nuna mata yadda ake ɗaurin hannu. Yaron ya zo da murna, ya zaci wasa ne. Ya dunƙule hagun ƙanwarsa, ya naɗe da tsumma, ya bi da igiya tun daga yatsu har wuyan hannu, yana dariya yana cewa yau Wasila za ta shiga fili, a kira makaɗa. Da ya gama, Inna ta karɓi bakin igiyar ta ja, ta ƙara ja, ta ƙulle, ta zagaya ragowar a ƙugun yarinyar ta ɗaure hannun a jikinta. Dariyar Isah ta tsaya. Ya ce ai su da an tashi wasa ake kwancewa, in ya daɗe hannu mutuwa yake yi. Inna ta ce ya ɓace mata da gani.

Ta ce hannun zai zauna haka har ya manta hanya.

Washegari Malam Kabiru zai tafi Gusau don ya kama layin Litinin da wuri. An kira malamai tantancewa, irin wadda ake yi don a tabbatar mutum yana raye kafin a ci gaba da rashin biyansa a kan lokaci, kuma kowa ya san layin ba ya ƙarewa rana ɗaya. Yana fito da babur, Wasila ta biyo shi zaure. Idanunta sun faɗa.

"Baba, ya-yana yi min zugi."

Ya durƙusa ya ɗaga hijabin. Kan yatsun da suka leƙo daga tsumman sun kumbura, sun yi sanyi. Ya sa hannu a ƙullin. Ƙulli ne na tsohuwa, amma ba wanda zai gagari namiji mai farce ba. Har ya fara ɓanɓaro bakinsa, sai ya ji takun Inna a tsakar gida da ƙarar butarta. Ya tsaya. Ya tuna cewa ba kyau mutum ya kama hanya uwarsa na fushi da shi, ga hanyar Gusau yadda ta zama a 'yan shekarun nan. Ya sauke hijabin, ya gyara mata shi a kafaɗa.

Ya ce ta yi haƙuri, da ya dawo zai yi wa Inna magana, wannan karon da gaske. Ya tambaye ta me take so ya sayo mata.

Ta dai bi hannunsa da kallo har ya koma kan babur.

Abin da ya faru bayansa, daga baya ya ji shi gutsi-gutsi. Rakiya ta faki ido ta sassauta igiyar sau ɗaya, Inna ta gani ta sake ɗaurewa, ta ce uwar da ba ta iya gyara ɗiyarta ba kada ta hana a gyara mata. Wajen wanka igiyar ta jiƙe, da ta bushe ta ƙara kamewa. Yarinyar ta yi kuka kwana da yini, aka ce shagwaɓa ce. Daga baya ta daina kukan, ta ce ba ta jin zafin kuma, aka ce to ka gani, hannu ya fara saduda. An hana ta zuwa makaranta don kada malamai su yi surutu. Isah ya ɗauko reza zai yanke igiyar, ya sha mari, ya fita bai ci abinci a gidan ba ranar.

Da Malam Kabiru ya dawo, da ledar alewa a aljihu, wari ne ya fara tarbarsa a ƙofar ɗakin Inna. Wasila na kwance jikinta zafi rau. An kwance igiyar tun jiya, da zazzaɓin ya tashi. Hannun ya yi suntum, sawun igiya ya nutse cikin nama, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun yi baƙi kamar gawayi. Inna na shafa masa man shanu da wani garin magani, tana cewa iska ce ta shige shi, kuma an aika a kira wanzami.

Ko a nan sai da aka ƙara kwana. Inna ta ce asibiti yanke-yanke kawai suka sani. Maƙwabci ya ce a gwada wanzamin tukuna. Wani ya ce an tare hanya shekaranjiya, a bari ta lafa. Malam Kabiru ya saurari kowa, don shi mutum ne mai sauraro. Rakiya ce da gari ya waye ta goya yarinyar kamar jaririya, ta fito ba ta nemi izinin kowa ba, ta tsaya kusa da babur. Sai a lokacin ya tayar.

A asibitin Tsafe aka duba aka ce a wuce Gusau. A Gusau likitar da ta karɓe su mace ce, Likita Esta, haifaffiyar garin, Hausarta tas. Ta juya hannun a hankali ta tambayi abin da ya same shi. Malam Kabiru ya ce ƙofa ce ta datse ta.

Likitar ta bi sawun da yatsa, zagaye bayan zagaye. Ta ce, "Ƙofar da igiya take?"

Ta tambaye shi sana'arsa. Ya faɗa, da ƙaramar murya. Ba ta ƙara masa ko kalma ba, kuma da ta zage shi da ya fi samun sauƙi. Ta ce yatsu biyu sun riga sun mutu, dole a cire. Sauran ukun za a yi ƙoƙari, amma jijiyoyin sun daɗe ba jini, kada su sa rai za su sake riƙe abu. Ta jawo takarda ta fara rubuta magani.

Wasila, da zazzaɓinta da komai, ta kafa wa takardar ido. Ta jawo rigar ubanta, ya sunkuyo.

"Baba, ita ba a ɗa-ɗaure nata ba?"

Ya duba. Biron a hagun likitar yake, yana gudu a kan takarda ba wanda ya ce masa ƙwal.

Sun daɗe a asibiti. Da suka dawo 'Yandoto an riga an tsara yadda labarin zai kasance. Ƙaddara ce. Inna ta rame, ta yi kuka na gaske, ta yanka wa yarinyar kaza, amma ko a cikin kukan cewa take ita gyara ta nufa, kuma da an bar mata yarinyar tun tana ƙarama da ba a kai ga igiya ba. Rakiya ta ce ita dai Allah ya ga zuciyarta. Maƙwabta suka ce Allah ya sa iyakar wahalar ke nan, an ma yi sa'a ba damar ba ce. A teburin mai shayi Malam Kabiru ya ce ciwon daji ne na yatsa, wani ya ce ai yana yawa yanzu, aka koma maganar taki.

Ranar Litinin ya koma aiki. Aka jera yara a fili, ya ɗauki rularsa ya fara bin layi kamar yadda ya saba. Maza suka miƙo hannuwa, ya wuce su. Ya zo layin 'yan matan aji biyar. Shekara da shekaru farce kawai yake dubawa, yau sai idonsa ya zame ya hau bayan hannu. Ta farko lafiya lau. Ta biyu ma. Ta uku tana da tabon ƙuna a bayan hagu, mai faɗin bakin ludayi. Ya wuce wasu, ya tarar da wata mai karkataccen ɗan yatsa, wanda ya karye ya ɗore a haka. Can kusa da ƙarshe wata 'yar siririya ta miƙo dama kaɗai, hagun na cikin hijabi, da ya ce ta fito da shi sai ta kare kanta da gwiwar hannu tun bai ɗaga rula ba.

Ashe bahagwai mata suna nan. Kullum suna nan, a gabansa, cikin ajinsa, suna rubutu da dama a karkace yana rage musu maki. Kafin su iso aji biyar an gama da su a gida. Binciken da aka tafa masa a Gusau ke nan.

Ya sallami layin bai ƙarasa ba. Shugaban makaranta ya tambaye shi ko lafiya, ya ce rana ce.

Da yamma Alhaji Umaru ya zo dubiya daga Bungudu. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar nan dai. Daga bayan kasuwa ana jiyo kalangu, an fara damben yara, wani maroƙi na ta kiran Bahago, Bahago, ko da yake Isah ya ce shi ya bar dambe, igiyar ma ya jefa ta a masai. Rakiya ta kawo tuwo ta ajiye gaban mijinta, kwanon a rufe da faifan nan mai ja da kore da ruwan ƙwai. Ba wanda ya hana amfani da shi. Faifai ne mai kyau.

Inna ta ce a kawo wa Alhaji ruwa.

Wasila ta fito daga ɗaki a hankali. Hagun na lanƙwashe a ƙirjinta ƙarƙashin hijabi, inda yake zama yanzu ba sai an ɗaure shi ba. Ta riƙo kofin da dama, tana kallonsa kada ya zube, ta zo ta durƙusa ta miƙa.

Alhaji ya karɓa ya sha har ƙasa. Ya ajiye kofin, ya dafa kanta.

Ya ce, "Yawwa. Haka ake son ɗiya. Allah shi yi miki albarka."

Inna Tambaya ta share ido da bakin mayafi ta ce amin. Rakiya daga bakin murhu ta ce amin. Wasila ba ta tashi ba. Ta juyo tana kallon ubanta, irin kallon da ta bi hannunsa da shi a zaure, tana jira ta ji ko yau akwai abin da zai ce.

Malam Kabiru ya dubi faifan da ke kan kwanonsa. Ya buɗe baki.

Ya ce, "Amin."